Halowin da dabbobin gida: tambayoyin da kuke ta turo min da amsoshinsu

Duk shekara da Oktoba ta kama, ganye ya fara ja yana zubowa, kabewa ta cika ƙofar shaguna, sai tambayoyi su fara shigo min daga ƴan uwa da ke nan Amurka da Kanada da Ingila, musamman sababbin zuwa da yaransu suka matsa musu lamba har aka kawo mage ko zomo ko ɗan kwikwiyo gida. Ni dai mai mage ce da ta sha wuya a Kolumbus ta jihar Ohayo, shekara da shekaru ina ganin wannan dare, na gaji da amsa abu ɗaya sau goma shi ya sa na tattaro su nan gaba ɗaya. Wasu tambayoyin na bar su yadda aka turo.

Anti wai mene ne ma Halowin ɗin? Mu fa ba ma yi, me ya haɗa shi da magenmu?

Daren 31 ga Oktoba ne. Asalinsa daga Ailan da Sukotilan, mutanen can ne suka ƙaura da abinsu zuwa Amurka a ƙarni na 19, nan kuma aka mayar da shi harkar yara da alewa da kasuwanci. Yara su sa kayan dodo ko na fatalwa ko na likita, su ɗau jaka su bi gida-gida suna danna ƙararrawa, in ka buɗe su ce "tirik o tirit" ka zuba musu alewa. In kin taɓa ganin ƴan tashe da azumi to kin ga rabin hoton, sai dai nan babu ganga babu waƙa, alewa ce zalla. A yankinmu ƙaramar hukuma ce ke sa rana da lokaci, yawanci 6 zuwa 8 na yamma, wata shekarar ma ba ranar 31 ɗin ake yi ba sai a matso da shi, saboda haka ki duba na garinku.

Batun ba ma yi kuwa, nima ba na yi. Amma shi yana zuwa har ƙofa ko kin gayyace shi ko ba ki gayyata ba. Za a danna miki ƙararrawa, yaranki za su dawo daga makaranta da alewa a jaka, maƙwabciya za ta miƙo musu cakulet ta saman shinge, washegari titi duk takardun minti. Mage da kare ba su san aƙidar kowa ba, abin da ya faɗi ƙasa kawai suka sani.

To a ganinki mene ne haɗarin da ya fi kowanne?

Mutane za su ce cakulet. Ni ƙofa zan ce. Shekarar farko da na samu Fura (magena ce, kalarta kalar fura shi ya sa) na bar fitilar ƙofa a kunne ban san ma'anarta ba, ashe a nan fitila a kunne tana nufin ku zo akwai alewa. Aka danna, na buɗe don in ba su haƙuri, sai ga yaro sanye da kan kura yana ihu, ni kaina sai da gabana ya faɗi balle ita, ban ma ga fitarta ba sai dai iskar wucewarta a ƙafata. Ranar har ƙarfe ɗayan dare muna yawo da tocila cikin sanyi ni da maigidan muna kaɗa gwangwanin abincinta, yara suna kuka a gida, ni ina ta tunanin motoci. Sai da asuba na same ta a ƙarƙashin barandar katakon maƙwabcinmu ta dunƙule ta ƙi fitowa, idanunta kamar za su faɗo. Gida biyu kacal tsakani. Daga baya na gane haka magen da ba ta saba fita ba take yi, ba ta nisa, wuri mafi kusa take shigewa ta yi tsit ko kina kiran sunanta ba za ta amsa ba. To in taki ta kuɓuce ki fara da ƙarƙashin mota, baranda, bayan kwandon shara, cikin shukoki, kar ki tafi unguwa ta uku.

Kare kuma nasa ya fi muni don ba gudu kaɗai ba ne. Karen da ya san yaron maƙwabta sarai in ya gan shi da abin rufe fuska yana ɗaga sanda ba zai gane shi ba, tsoro zai iya sa ya kai cizo, kuma a ƙasar nan cizon kare magana ce ta hukuma da inshora da lauyoyi, ba a gama ta da "don Allah a yi haƙuri".

Ya zan yi da ita ranar?

Ɗaki ɗaya can ciki nesa da ƙofar shiga, tun wajen la'asar kafin yara su fara fitowa. Ki sa mata ruwa, abinci, kwanon yashinta, da kwali ko bargo da za ta shige ciki, ki sauke labule, ki kunna rediyo ko fanka ƙasa-ƙasa don ya danne hayaniyar waje. Ki rufe ƙofar ki gaya wa yaran duk wanda ya buɗe shi da ke ne. Kare kuma a fita da shi ya zaga ya gaji ya yi kashi tun da rana. In ba ku ba da alewa ku kashe fitilar ƙofa, yawancin yara sun san ma'anar hakan za su wuce. In kuna bayarwa, ku fitar da kujera ku zauna a waje da kwanon, ba ƙararrawa ba buɗe ƙofa, an huta.

Da gaske cakulet yana kashe kare ko dai tsoron Turawa ne?

Da gaske ne, amma ya danganta da irinsa da yawansa da girman karen. Akwai wani sinadari a koko da ake kira tiyobromin, ɗan uwan kafeyin ɗin kofi ne, mu jikinmu yana fitar da shi da wuri amma kare sai ya ɗauki awa 17 da wani abu kafin rabin abin da ya ci ya bar jikinsa, shi ya sa yake taruwa ya bugi zuciya da jijiyoyi. Likitocin dabbobi da nauyi suke lissafi: miligiram 20 a kowane kilo na nauyin kare za a fara ganin amai, zawo, ƙishirwa, rashin natsuwa, a 40 zuwa 50 zuciya ta fara bugawa ba daidai ba, daga 60 zuwa sama farfaɗiya.

Bari in sauko da shi ƙasa. Kare mai kilo 10, cakulet mai madara irin wanda aka fi rabawa yara sai ya ci kamar giram 100 kafin ya kai matakin farko. Baƙin cakulet mai ɗaci kuwa giram 40 ya isa. Wanda ake yin kek da shi marar sukari, giram 15 kacal, ɗan guntu kenan. Farin cakulet kusan babu tiyobromin a ciki, amma kitsensa zai iya ɓata ciki ko ya kumbura gaɓar nan ta cikin ciki da ke taimaka wa narkewar abinci wadda likitoci ke ce wa fankiriyas, ciwo ne mai zafi sosai. Ƙa'idar dai, iya baƙinsa da ɗacinsa iya haɗarinsa. Kuma matsalar kare ba ya cin ɗaya ya ce Alhamdulillahi, jakar gaba ɗaya yake tashi da ita har da takardun. Alamomin kan ɗauki awa 6 zuwa 12 kafin su bayyana, kar ki ga yana kaɗa jela ki ce ai lafiyarsa lau.

Yaya, Baba ya zo mana ziyara da goronsa, shi ma akwai matsala?

Wannan tambayar ta burge ni don babu Baturen da zai gaya muku. Eh akwai. Goro cike yake da kafeyin, akwai tiyobromin ɗin ma kaɗan a ciki, abin da ke hana Baba barci kenan, to ɗan kwikwiyo in ya samu ya tauna irin matsalar cakulet ce. A ce wa Baba cikin ladabi ya daina ajiye shi a kan tebur ɗin falo. Tunda mun shigo kicin ɗinmu, albasa da tafarnuwa suna lalata jajayen ƙwayoyin jinin kare da mage, magen ma ta fi saurin kamuwa, ɗanye ko dafaffe ko gari duk ɗaya, saboda haka guntun tsire da kilishi mai yaji da ragowar miya ba nasu ba ne ko da sun zuba miki ido kamar marayu.

Na ji ana cewa cingam ya fi cakulet haɗari, haka ne?

Wanda aka rubuta babu sukari a jikinsa, eh, wallahi ya fi ba ni tsoro. Ki juya bayan fakitin ki nemi kalmar xylitol, wasu kamfanonin kuma suna rubuta birch sugar, duk abu ɗaya ne. Yana cikin cingam, minti, wasu alewoyin masu ciwon suga, man goge baki, har wasu irin tunkuzar gyaɗa ta kwalba da ake shafa wa burodi. Mu ba ya mana komai, amma jikin kare ɗauka yake sukari na gaske ne ya shigo sai ya saki insulin da yawa, sugan jininsa ya faɗi warwas, wani lokaci cikin minti 30 zuwa awa ɗaya. Za ki ga amai, layi kamar ɗan maye, rawar jiki, faɗuwa. Giram 0.1 a kowane kilo ya isa ya jawo haka, wato kare mai kilo 10 giram ɗaya tak, wanda ƙwaya biyu uku na wasu cingam ɗin sun kai, in ya kai 0.5 a kilo kuma hanta ce ke shiga uku. Wannan ba a jira a ga alama. Kuma inda aka fi samun matsalar ba ma jakar yara ba ce, jakar hannun mata ce da aka jefar a kan kujera a buɗe, ni ma da haka nake yi.

Maƙwabciyarmu zabibi take rabawa wai ya fi alewa lafiya

Ga yara ƙila. Ga kare inabi da zabibi suna iya kashe ƙoda. Abin haushin ba a da ma'auni tsayayye, wani karen ya ci da yawa ya tsira, wani kaɗan ya kwantar da shi, likitoci yanzu suna zargin sinadarin tsami ne da ke cikin inabin, irin wanda ke cikin tsamiya ma. Ƙananan kwalayen nan na zabibi da wanda aka lulluɓe da cakulet, a ɗauke su kamar guba. In ya ci ko kaɗan ne a kira likita. Gyaɗar makadamiya ma tana sa ƙafafun baya su saki, ya yi ta rawar jiki da zazzaɓi.

Ni mage ce da ni, ai ba ta cin alewa ko?

Gaskiyarki, mage harshenta ba ya jin zaƙi sam, halittarta ce haka, shi ya sa da wuya ta zauna ta cinye cakulet, ko da yake in ta ci ita ma yana mata illa kuma ga ta ƙarama. Nata jarabar daban ce: abin da ke ƙara in an taɓa, da abin da ke lilo. Takardar alewa mai ƙyalli, ledar minti, tsinken alewar sanda, zare, ribon, da yanar gizo-gizon roba da ake shimfiɗa wa a shukoki don ado. Zare shi ne mugun, don harshen mage ƙaya-ƙaya ne masu kallon ciki, in ta fara haɗiya ba ta iya tofarwa, sai bakin zaren ya maƙale a ƙarƙashin harshe sauran ya bi hanji, hanjin ya tattare kamar an ja mazagin wando har zaren ya yanka shi. Tiyata ce wannan. In kika ga zare yana leƙowa ta bakinta ko ta bayanta don girman Allah kar ki ja, ki kai ta asibiti a haka.

Ya riga ya ci Anti, yanzu-yanzu, me zan yi??

Ki kwashe ragowar daga gabansa, ki tattara takardun don da su za a ƙiyasta yawan abin da ya ci, ki duba agogo, ki tuno nauyinsa, sai waya. Likitanku in yana buɗe, in dare ya yi asibitin dabbobi na gaggawa. A Amurka akwai layuka biyu na guba da ke aiki dare da rana, na ƙungiyar kula da dabbobi ta ASPCA 888-426-4435, da Pet Poison Helpline 855-764-7661, dukkansu ana biyan kuɗi amma bai kai kuɗin kwana a asibiti ba. Ki sa lambobin a waya tun yau tare da adireshin asibitin gaggawa mafi kusa, don lokacin da hannu ke rawa ba lokacin bincike ba ne. Saurin yana da dalili: cikin awa ɗaya zuwa biyun farko likita zai iya sa shi amai ya ba shi gawayin asibiti kafin abin ya shiga jini, bayan nan sai dai ƙarin ruwa da addu'a.

Yanzu ga abin da na san hannunki zai kai gare shi: manja da madara. Duk mun taso da in yaro ya sha wani abu a ɗura masa manja. Kar ki yi. Ba ya kashe guba, ga kitse da zai ƙara wa cikin wahala, in kuma ya shaƙe ya bi ta huhu an buɗe sabon babi. Ruwan gishiri don ya yi amai shi ma a'a, gishirin kansa zai iya kashe shi. Za ki ga a intanet ana cewa a ba kare ruwan wanke ciwo mai kumfa ɗin nan ya yi amai, wannan sai in likita ne ya ce a waya ya kuma faɗa miki yawansa, mage kuwa ba a ba ta shi ko ɗigo, yana ƙona mata ciki.

Sandunan nan masu haske da yara ke ratayawa fa?

Hmm, Fura ce ta koya min wannan ma. Shekara ta uku ina ganin na gama wayewa, na kulle ta a ɗaki komai daidai, ashe autana ya shigo da abin wuya mai haske da aka ba shi a makaranta ya jefa a ƙarƙashin gado. Sai kawai na ga mage ta fito a guje baki duk kumfa yawu na dalala tana kai kai da komo, na ce shikenan hauka ta kama ta. Da na kira likita tambayar farko da ta yi min ita ce akwai sandar haske a gidan? Ruwan da ke cikin sandar ba guba mai kisa ba ne a ɗan abin da suke lasa, ɗaci ne da shi na bala'i, kumfar ta ɗacin ce. Ta ce in ba ta abu mai daɗi ya wanke bakin, ruwan kifin gwangwani na ba ta, sannan in kashe fitila in duba jikinta. Na kashe, sai ga haɓarta da ƙafarta ta gaba suna haske kore shar a cikin duhu kamar aljana, yara suka fashe da dariya ni ko hawaye ne a idona. Na goge da tsumma mai ɗumi, don in ba a goge ba za ta lashe a koma gidan jiya. Abin lura ɗaya, wasu manyan sandunan akwai siririyar kwalba a ciki, a duba baki ko ta yanke. Ƙananan batura masu kama da maɓalli da ke cikin fitilun ado kuwa su ba wasa, in aka haɗiye suna ƙona maƙogwaro cikin ƴan awanni, asibiti kai tsaye.

Kabewa tana da illa?

Ita kanta a'a, dafaffiya ba gishiri ba yaji likitoci ma kan ce a ba su kaɗan don ciki. Wadda aka fafe aka yi wa ido da baki ta kwana bakwai a ƙofa ta yi funfuna ita ce matsala, wasu funfunan suna sa rawar jiki. Totuwar masarar ado ma tana toshe hanji. Sai kyandir ɗin da ake sawa a ciki, jela ɗaya ta wuce an yi gobara ko gashin baki ya ƙone, kuma gidajen nan duk katako ne. Ku sayi na batir.

Yarana sun dage sai sun sa wa mage kaya, in bar su?

Ra'ayina? A'a. Ban taɓa ganin magen da aka sa wa hular mayya tana murna ba, duba hotunan da kyau za ki ga kunnuwa a kwance. Mage in ta sandare wuri ɗaya ko ta kife gefe ba kwalliya take ba, ta rasa yadda za ta yi ne. Wasu karnukan ba ruwansu sun saba da riga saboda sanyi, to in za a sa kar ya matse wuya, kar ya rufe ido ko kunne ko hanci, babu maɓalli ko igiya da zai tauna, a gwada kwana biyu kafin ranar, kuma kar a bar shi shi kaɗai da kayan. Masu gajeren hanci irin su buldog da fog da ma numfashi da ƙyar suke yi, su a ƙyale su. In yana haki, yana lasar leɓe, yana hamma ba barci ba, jela a matse, a cire. A ɗau hoto minti ɗaya a wuce wurin. Fenti da rini na mutane kuma kar ya taɓa gashinsu, lashewa za su yi.

Tawa baƙa ce wuluk, an ce min ana sace baƙaƙen maguna a yi tsafi da su

Wannan zancen ya daɗe yana yawo, har wasu gidajen ajiye dabbobi sun taɓa daina ba da baƙar mage a watan Oktoba saboda shi, amma da yawa sun dawo daga rakiyar wannan don an nemi hujja ba a samu wata ta kirki ba. Turawa da camfinsu na baƙar mage da mayu, mu ma da namu na aljanu, mage dai ta shiga uku ko'ina. Abin da ya fi kusa da gaskiya shi ne baƙar mage a baƙin titi da daddare direban da hankalinsa ke kan yara ba zai gan ta ba, ga kuma matasa marasa aikin yi masu tsokana. Baƙa ko fara ta kwana a ciki, in mai fita ce ki fara shigo da ita kwana biyu uku kafin ranar don ta saba.

Zan iya fita da karena mu zaga tare da yara?

In ka san halinsa, bai damu da taro ba, ya taɓa ganin irin wannan, to bismilla, amma gajeriyar igiya a hannun babba ba yaro ba, abin wuya mai ƙyalli, idonka a ƙasa don titin cike yake da alewar da ta zube. Dodannin roban nan da ake hura wa iska da masu motsi suna ihu in an zo wucewa suna firgita ko jarumin kare. In kana shakka, amsar ita ce gida. Kuma kar a bar shi ɗaure a bayan gida shi kaɗai ranar.

Mu aku ne da mu, da zomo

Aku cakulet da kofi da fiya duk guba ne gare shi, kuma huhun tsuntsu ba ya ɗaukar hayaƙi, kyandir mai ƙamshi, injin hazon da ake kunnawa don ado, har turaren wutarmu ma a yi nesa da shi. A kai kejin ɗakin ciki a lulluɓe rabi. Zomo ba ya iya amai ko kaɗan, abin da ya shiga ya shiga, ga shi da tauna wayar wuta, ga tsoro da ke iya sa ya daina cin abinci, in zomo ya yi awa 12 bai ci ba bai yi kashi ba maganar gaggawa ce.

Alewar wiwi da ake ta magana fa?

Tana nan. Jihohi da dama sun halatta wiwi, har nan Ohayo tun 2023, Kanada tun 2018, kuma ana yin ta kamar alewar roba ko cakulet sak. Ba wai rabawa yara ake ba, a wurin fati ake yar da ita ko baƙo ya shigo da ita a aljihu. Kare in ya ci sai ka ga yana layi, fitsari na ɗiga, ido a buɗe, ƙaramin motsi ya zabura. In kuna zargin haka ku gaya wa likita gaskiya ko da kunya, shi magani yake son yi ba ƙara zai kai ku ba.

Zan iya ba ta ɗan maganin barci ko fanadol ta natsu?

Kul. Farasitamol ƙwaya ɗaya tana iya kashe mage, hantarta ba ta iya sarrafa shi. Ibufurofen yana huda ciki ya taɓa ƙoda, kare da mage duka. In dabbarki mai tsananin tsoro ce akwai magungunan da likita ke rubutawa, ki je tun farkon wata don a gwada a ga yadda ya karɓe ta, ba ranar 31 da la'asar ba.

Cip ɗin nan da ake sawa dole ne?

A Ingila dole ne, karnuka tun Afrilun 2016, maguna kuma tun 10 ga Yunin 2024, akwai tara. A Amurka ya danganta da gari. Ƙanƙani ne kamar ƙwayar shinkafa ake sa shi da allura a tsakanin kafaɗu, ba ya nuna inda dabba take a taswira kamar yadda wasu ke zato, lamba ce kawai da ake karantawa da na'ura in an tsince ta. Amfaninsa yana ga lambar wayar da kika yi rajista da ita, mu kuwa mutanen canja gida da canja layi ne, ni sai bayan ɓatan Fura na duba na ga tsohuwar lambata ce ta garin da na baro. Ki shiga ki gyara. Ki kuma ɗau sabon hotonta a waya.

Mu da ke Ingila akwai wani abu daban?

Naku ya fi tsawo. Kuna gama Halowin sai daren 5 ga Nuwamba na wasan wuta, kuma ba dare ɗaya ake yi ba, kusan sati biyu ana ta fashe-fashe, ga bikin Diwali na Indiyawa da yakan faɗo a tsakanin. Ɗakin nan da na ce a shirya kar ku rushe shi, ku bar shi har tsakiyar wata, a rufe taga da ƙaramar ƙofar mage tun magariba, ga shi an mayar da agogo baya a Lahadin ƙarshen Oktoba duhu na saurin yi.

Shikenan in daren ya wuce an tsira?

Ina! Ni a gidana satin da ke biye ya fi ba ni aiki. Daren kowa a ankare yake, amma ranar 2 ko 3 ga wata an saki jiki, alewar kuma tana nan, yara sun ɓoye rabonsu kada ƴan uwa su sata, kuma ina yaro zai ɓoye abu? Ƙarƙashin gado, cikin takalmi, aljihun jakar makaranta da ke yashe a ƙasa, daidai tsayin hancin kare. Karen wata ƙawata haka ya yi, ya zuge jakar ɗanta da haƙori ranar Lahadi suna wajen walima, suka dawo suka tarar da takardu har bakin ƙofa shi kuma yana kwance ciki ya yi tulu, kwana biyu ya yi a asibiti, kuɗin da ta biya ya kai na tikitin zuwa Kano. Ni yanzu dokata duk alewar da ta shigo gidan nan a ranar nake karɓewa in juye a robar da ke da murfi mai kullewa, kowa da sunansa a leda, in ɗora saman firij can baya, mai so ya zo ya tambaya ya ci a kicin ya jefa takardar a shara mai murfi ina kallo. Da safe kuma kafin a fita da kare ko a saki mage sai na zaga gaban gida da tsintsiya, bara a gindin akwatin wasiƙa kaɗai na kwashe cingam uku da rabin cakulet da wata sandar haske da mota ta taka ta fashe.